Tartsatsin da Jiki Ba Ya Ji: Tarihin Gwajin Lantarkin Gogayya a Wuraren da Ke Iya Fashewa

A watan Disamba na 1969, cikin ƙasa da mako uku, manyan jiragen ruwa uku na dakon ɗanyen mai suka yi bindiga a tekunan da ke kewaye da Afirka. Marpessa, wanda yake sabo fil, ya nutse a wajen gaɓar Senegal. Mactra ya fashe a mashigin Mozambik, Kong Haakon VII kuma a wajen Laberiya. Kowannensu na iya ɗaukar fiye da tan 200,000 na mai. Abin da zai ba ka mamaki, mai karatu, shi ne dukkansu ba su ɗauke da kaya a lokacin. Sun riga sun sauke mai, wanke tankunan ake yi da ruwa.

Ruwa fa, abin da ake kashe gobara da shi. To, ta ina wuta ta shigo?

Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa idan aka fesa ruwa da ƙarfi a cikin tanki mai girman babban ɗakin taro, feshin kan bar hazo mai ɗauke da cajin lantarki. Idan wani curin ruwa ya ɓalle daga bakin injin feshi ya ratsa wannan hazo, sai ya kwashi caji, ya je kusa da ƙarfen tankin ya saki tartsatsi. Tankin kuwa cike yake da tururin man da aka sauke gauraye da iska. Maganin da aka yi daga baya shi ne cika tankuna da hayaƙin injin da aka tace, domin iskar oksijin ta sauka ƙasa da kashi 8 cikin 100, inda wuta ba ta iya kamawa.

Wannan shi ne lantarkin gogayya, wato cajin da ke taruwa idan abubuwa biyu suka gogi juna suka rabu. Tambayar da za mu bi tarihinta yau ita ce: ta yaya ɗakin gwaje-gwaje ke yanke hukuncin cewa wannan tocilan, ko wannan rigar aiki, ko wannan buhu, ba zai tayar da wuta a matatar mai ko kamfanin fulawa ba? Hanyoyin da yawa ne. Kowace an ƙirƙiro ta ne don wata matsala ta zamaninta, kuma ba kullum bakinsu ke zuwa ɗaya ba.

Daga abin kallo zuwa abin tsoro

Tun zamanin Girkawan dauri an san cewa idan ka goga wani irin daskararren ƙaron itace a jikin gashi, yakan jawo ƙananan haki. Sunan ƙaron nan a harshensu “elektron”, kuma daga nan William Gilbert na Ingila ya samo kalmar da ya yi amfani da ita a littafinsa na 1600, wadda ta zama uwar kalmar lantarki a harsunan Turai.

An daɗe ana ɗaukar abin a matsayin wasan burge jama'a. A 1744, a Berlin, wani likita mai suna Christian Friedrich Ludolff ya kunna wa sinadarin eta wuta da tartsatsin injin gogayya a gaban manyan baƙi. Mutane suka yi ta mamaki. Amma idan ka lura, wannan shi ne gwajin kunna wuta da lantarkin gogayya a siffarsa ta farko. Shekara ɗaya zuwa biyu bayan haka aka ƙirƙiro kwalbar Leiden, wadda ke ajiye caji har sai an buƙace shi. A 1776 Alessandro Volta ya tattara iskar da ke ɓuɓɓugowa daga fadamar tafkin Maggiore a Italiya, iskar da muke kira metan yau, ya kuma ƙera wata 'yar bindigar gilashi da tartsatsi ke tayar da iskar gas a cikinta har murfin ya yi tsalle.

Saura ma'auni. A 1843 Michael Faraday ya ɗauki bokitin ƙarfe na zuba ƙanƙara, ya nuna cewa duk abin da ka zura a ciki, cajinsa zai bayyana daidai-wa-daida a bayan bokitin, inda za a iya auna shi. Har gobe ɗakunan gwaji na auna cajin gari da na ƙwayoyin roba da wannan dabara, kuma sunan Faraday ne a kan na'urar.

Masu wankin tufafi da masu haƙar kwal

A ƙarni na 19 shagunan wankin tufafi a Turai suna wanke kayan ulu da wani irin fetur a maimakon ruwa. Gobara ta yi ta tashi ba tare da an kunna ko ashana ba. A 1893 wani masani a Jamus, M. M. Richter, ya danganta abin da cajin da ke taruwa idan ana tsoma ulu a fetur ana ɗagowa. Ya kuma gano cewa idan aka zuba ɗan wani sabulu mai sinadarin maganiziyam a cikin fetur ɗin, cajin kan zurare kafin ya taru. Ka riƙe wannan dabara, don ita ce tushen rabin labarinmu: idan caji ya samu hanyar gudu, ba ya zama balle ya yi ɓarna.

Ɗaya rabin labarin daga ƙarƙashin ƙasa ya fito. Ranar 14 ga Oktoba, 1913, mahaƙar kwal ta Senghenydd a yankin Wales na Birtaniya ta fashe, mutum 439 suka rasu. Abin da aka fi zargi shi ne tartsatsin wayoyin ƙararrawa, waɗanda ma'aikata ke haɗa tsirara biyu don aika sigina. Wannan ba lantarkin gogayya ba ne, na batir ne. Sai dai ya tilasta wa masana irin su R. V. Wheeler da W. M. Thornton fuskantar tambayar da ta shafi kowane irin tartsatsi: wane ne mafi ƙanƙanta da zai iya kunna iskar gas?

Amsar da ta fi shahara ta zo ne daga Hukumar Ma'adinai ta Amurka, wadda aka kafa a 1910. A shekarun 1940 da 1950 Bernard Lewis da Guenther von Elbe da abokan aikinsu suka riƙa cika ƙaramar tukunyar ƙarfe da gas da iska, su yi wa ma'ajiyar caji lodi, su saki tartsatsi tsakanin ƙarafa biyu, su yi ta rage ƙarfinsa har wuta ta daina kamawa. Lissafin mai sauƙi ne: ka ɗauki girman ma'ajiyar, ka ninka da yawan bolt sau biyu, ka raba biyu. Abin da ya fito shi ne kuzarin tartsatsin.

Ga abin da aka samu, a ma'aunin milijul, wato kashi ɗaya cikin 1,000 na jul: metan kusan 0.28, furofen kusan 0.25, etilin kusan 0.07, haidurojin ƙasa da 0.02. Tururin fetur yana nan kusa da furofen. Don ka gane ƙanƙantar abin, milijul 0.25 shi ne kuzarin da za ka kashe wajen ɗaga abu mai nauyin rabin giram, kamar ƙwayar gyaɗa, sama da santimita 5.

Yanzu ka kwatanta da jikinka. Jikin mutum ma'ajiyar caji ce mai girman kusan fikofarad 200. Idan kana sanye da takalmin roba ka tara bolt 10,000, abin da ke faruwa cikin sauƙi a busasshiyar rana, tartsatsin da zai fita daga yatsanka ya kai milijul 10, ninki 40 na abin da furofen ke buƙata. Bolt 1,600 ma ya isa ya kai ka ga milijul 0.25, alhali mutum ba ya fara jin tsirawar sai ta kai wajen milijul 1. Ka ga kenan tartsatsin da ba ka ji ba ma yana iya tayar da gobara. Ɗan hakin da ka raina, in ji Hausawa, shi ke tsone maka ido.

Ƙura ma tana bindiga

Ba gas kaɗai ba ne. A 1785 ƙurar fulawa ta fashe a wani gidan burodi a Turin, Count Morozzo ya rubuta rahoton abin. A 1844, bayan fashewar mahaƙar Haswell da ta kashe mutum 95, Faraday da Charles Lyell suka ja hankali ga rawar da ƙurar kwal ta taka. Duk abin da ke ci da wuta, idan aka niƙa shi ya yi laushi ya tashi sama, to ya zama kamar gas.

Irving Hartmann, shi ma na Hukumar Ma'adinai ta Amurka, ya ƙera bututu mai cin lita 1.2. Ana zuba gari a gindinsa, a hura iska ta watsa shi, a saki tartsatsi a tsakiya, a duba ko harshen wuta ya tashi. Na'urorin yau, irin MIKE 3 da kamfanin Kühner na Suwizalan ya ƙirƙiro, jikokin wannan bututu ne. Suna hawa mataki-mataki: milijul 1, 3, 10, 30, 100, 300, 1,000. Ba a cewa wani mataki bai kunna ba sai an gwada sau 10 a jere wuta ba ta kama ba.

A nan ne aka fara ganin yadda hanyar gwaji ke canza amsa. Tartsatsi mai saurin gaske yakan ture ƙurar da ke kusa da shi kafin ta yi zafi, kamar yadda hura iska da ƙarfi ke kashe ashana. Idan aka sa naɗaɗɗiyar waya a cikin da'irar, tartsatsin yakan ɗan daɗe, sai ƙurar ta kama da ƙaramin kuzari. Gari ɗaya, na'ura ɗaya, amsa biyu. Shi ya sa rahoto mai kyau yake faɗin ko an sa wayar ko ba a sa ba. Haka nan laushin garin: al'adar Turai ita ce a tankaɗe shi ƙasa da maikuromita 63, ƙa'idar ASTM E2019 ta Amurka kuma tana maganar maikuromita 75 da laima ƙasa da kashi 5 cikin 100. Duk wanda ya kwatanta lambobi biyu bai duba waɗannan ba, ya kwatanta gero da dawa ne.

Roba ta zo ta rikita lissafi

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu abubuwa biyu suka faru. Na farko, matatun mai suka fara fitar da mai mai tsabta sosai, suna tura shi da gudu a bututu. Tsabtataccen mai ba ya barin caji ya wuce ta cikinsa. Bayan fashewar wani babban tanki a matatar Shell da ke Pernis a Holan a 1954, A. Klinkenberg da abokan aikinsa suka zurfafa bincike, suka fitar da littafi a kan batun a 1958, aka kuma dawo da dabarar Richter a sabuwar siffa: ɗigon sinadari da ke sa caji ya zurare daga mai cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya.

Na biyu, roba ta mamaye masana'antu: bututu, bokiti, murfin na'ura, buhu, tufafi. Lissafin Lewis da von Elbe na ƙarfe ne. Idan ƙarfe ya saki caji, gaba ɗaya yake saki a tartsatsi guda, don haka ana iya lissafa kuzarinsa. Roba kuwa rowa gare ta. Idan ka kusanto da yatsa ko ƙarfe, ɗan wurin da ke kusa ne kawai ke sakin nasa, a siffa mai rassa kamar bakin tsintsiya. Babu girman ma'ajiya guda, babu bolt guda, saboda haka babu abin ninkawa.

A 1965 N. Gibson da F. C. Lloyd a Birtaniya suka bi ta wata hanya. Suka goga roba, suka kusanto da ƙwallon ƙarfe da gas ke kewaye da shi, suka duba wane gas ne ke kamawa. Daga nan tunanin “kuzarin kwatanci” ya samo asali: idan tartsatsin roba ya kunna gas mai buƙatar milijul 1, sai a ce darajarsa ta kai milijul 1, ko da ba a san ainihin kuzarinsa ba. Ayyukan da suka biyo baya, har da na E. Heidelberg a Jamus da Martin Glor a Suwizalan, sun nuna cewa irin wannan tartsatsi na iya kaiwa kwatancin milijul 3 zuwa 4. Ya fi ƙarfin fetur nesa ba kusa ba. Amma wani abin lura, a fahimtar masana ta yanzu ba ya kunna ƙura zalla, ko da mai saurin kamawa ce, muddin babu tururin mai a ciki. Wato yadda kuzari ya bazu a wuri da lokaci yana da muhimmanci kamar yawansa.

Hanyoyi huɗu, tambayoyi huɗu

Daga wannan tarihi ne hanyoyin yau suka fito. Tarayyar Turai ta yi dokar ATEX a 1994, ta zama tilas a 2003. Hukumar IEC ta duniya ta fitar da jagorar IEC 60079-32-1 a 2013, sannan kundin gwaje-gwaje IEC 60079-32-2 a 2015. Bari mu jera su ka ga abin da kowace ke tambaya.

Ta farko ita ce auna turjiya, wato yadda abu ke hana lantarki wucewa. Tambayarta: caji na da hanyar gudu? A ƙa'idar IEC 60079-0 ana zana layi biyu da fenti mai ɗaukar lantarki a kan samfurin, kowane tsawon milimita 100, tazarar milimita 10 a tsakani, a sa bolt 500 na kimanin minti ɗaya. Idan turjiyar ba ta wuce om biliyan 1 ba a laimar iska kashi 50 cikin 100, ko om biliyan 100 a laima kashi 30, ya ci jarrabawa. Hanya ce mai araha, ana iya maimaita ta. Rauninta shi ne layi guda take aunawa a tsakanin fenti biyu. Idan kayan gauraye ne, lantarki zai bi hanya mafi sauƙi ya ba ka lamba mai kyau, alhali akwai tsibiran roba a gefe da ke riƙe da cajinsu.

Ta biyu ita ce auna lokacin zurarewa. Tambayarta: idan caji ya hau, yaushe zai sauka? Ana ɗora wa samfurin caji, a sa na'ura tana kallo ba tare da ta taɓa shi ba. John Chubb na Birtaniya ya shafe shekaru yana kare wannan hanya. Amfaninta ya fito fili a tufafin aiki. Akwai yadin da ake saƙawa da zare mai ɗauke da gawayi a cikinsa, an lulluɓe shi da roba. Hanyar turjiya za ta kayar da shi, don fentin ba ya taɓa gawayin, alhali yadin na aikinsa. Shi ya sa ƙa'idojin Turai na EN 1149 suka buɗe ƙofa biyu: ko turjiya kada ta wuce om biliyan 2.5, ko kuma a bi gwaji na biyu, inda ɗaya daga sharuɗɗan cin jarrabawa shi ne rabin cajin ya zurare cikin ƙasa da daƙiƙa 4. Rauninta kuwa, yadda aka ɗora cajin na shafar amsar. Gogawa daban, fesa caji daga bakin allura daban.

Ta uku ita ce auna cajin da ya tsallaka. Tambayarta: mun yarda caji ya taru, to nawa ne zai fita a tartsatsi guda? Ulrich von Pidoll da abokan aikinsa a cibiyar PTB da ke Braunschweig a Jamus ne suka ƙarfafa ta a farkon shekarun 2000. Ana goga samfurin da ƙyalle iri-iri, ana kuma fesa masa caji, sannan a kusanto da ƙwallon ƙarfe da ke haɗe da ma'auni. Iyakokin da aka fara da su a EN 13463-1 su ne nanokulom 60 ga rukunin furofen, 30 ga rukunin etilin, 10 ga rukunin haidurojin. Daga baya ƙa'idojin IEC suka sauko da na tsakiya zuwa 25. Daɗinta shi ne babu gas, babu wuta a ɗakin gwaji. Matsalarta kuma hannun ɗan Adam: wani na gogawa da ƙarfi, wani a hankali. Wani na kusanto da ƙwallon da sauri, wani na jan jiki. Idan ƙananan tartsatsi da yawa suka fita a jere, ma'aunin na iya tara su ya nuna kamar guda ne babba. Idan kuma bakin ƙarfen ya yi tsini, cajin zai sulale shiru, a ɗauka babu haɗari.

Ta huɗu ita ce gwajin wuta kai tsaye, jikar aikin Gibson da Lloyd. Tambayarta ba kwana-kwana: ya kama ko bai kama ba? Ana amfani da ita ga manyan buhunan masana'antu masu cin kusan tan guda. Ƙa'idar IEC 61340-4-4 ta kasa su gida huɗu, A zuwa D. Nau'in D ba a haɗa shi da wayar ƙasa, saƙarsa ce ke watsar da caji, don haka turjiya ba za ta faɗa maka komai a kansa ba. Sai dai a cika shi da ƙwayoyin roba masu caji, a yi ta kusanto da ƙwallon ƙarfe mai fitar da etilin kashi 5.4 cikin 100 a iska, wanda ke kamawa da milijul 0.14. Wannan ita ce mafi kusa da zahiri, amma ga tsada ga haɗari. Sannan kamawar wuta lamari ne na dace. Rashin kamawa a gwaji da yawa yana rage shakka ne kawai, ba ya kawar da ita.

Akwai kuma hanyar da ba ta buƙatar gwaji ko kaɗan: a rage faɗin robar. A wurin da gas kan bayyana jefi-jefi a lokacin aiki, an yarda da faɗin santimita murabba'i 100 ga rukunin furofen da etilin, 20 ga haidurojin. A wurin da gas ke nan kusan kullum, 50 ne da 25 da 4. Ƙaramin fili, ƙaramin caji.

Samfuri ɗaya, amsa daban-daban

To, idan ɗakin gwaji a Jamus ya ce “ya ci”, na wata ƙasa ya ce “ya faɗi”, wa za a bi? Wannan ba tambayar raha ba ce. Tsarin IECEx ya ginu ne a kan cewa takardar shaidar da aka bayar a ƙasa ɗaya za ta samu karɓuwa a wata. Idan ma'aunan ba su daidaita ba, mai kaya zai nemi inda jarrabawa ta fi sauƙi, ma'aikacin da zai riƙe kayan a bakin tanki kuma shi zai biya farashin.

Maganin da aka samo shi ne gwajin zagaye. Cibiya guda ta shirya samfura iri ɗaya, ta raba wa ɗakunan gwaji da yawa, kowa ya auna bai san amsar ɗan'uwansa ba, sannan a baje sakamakon a faifai. PTB na gudanar da irin wannan ga ɗakunan gwajin kayan wuraren fashewa, har da ɓangaren lantarkin gogayya. Kühner ma ya riƙa shirya nasa zagayen ga masu gwajin ƙura.

Ina saɓanin ke ɓuya? Yawanci a ƙananan abubuwa ne. Zanen yatsa a kan samfurin yana ɗauke da gumi da gishiri, waɗanda ke rage turjiya. Fentin da aka zana layi da shi na iya ƙunsar sinadarin da ke taɓa robar. Turjiyar wasu kayan na canzawa da yawan bolt da aka sa da kuma daƙiƙar da aka karanta ma'auni. Wayoyin na'urar kansu kan yi yoyo idan ana auna biliyoyin om. A wannan fage, bambancin ninki biyu ko uku a turjiya ba abin tayar da hankali ba ne, domin lambobin da ninki goma-goma suke tafiya. Damuwar tana ga samfurin da ke zaune a bakin iyaka.

Babban alƙali: laimar iska

Duk cikin abubuwan da ke juya sakamako, babu kamar laima. Idan iska na da laima, wani siririn ruwa da ido ba ya gani yakan kwanta a kan abubuwa ya zame wa caji hanyar gudu. Idan ta bushe, hanyar ta toshe. Auduga misali ce mai kyau: da damina kusan ba ta tara caji, amma idan ta bushe ƙayau turjiyarta kan haura ninki ɗaruruwa ko dubbai. Shi ya sa ake ajiye samfuri awa 24 ko fiye a ɗaki mai daidaitaccen zafi da laima kafin a taɓa shi.

Duba lambobin da ƙa'idoji suka zaɓa: kashi 50 ko 30 ga murfin na'urori, 25 ga tufafi, 20 ga gwajin buhuna a busasshen yanayi, 12 a masana'antar kayan lantarki. Yanzu ka tuna da hunturu a Kano ko Damagaram, lokacin da laimar iska da rana kan faɗi ƙasa da kashi 20, bargo na ƙyasta wuta da dare, ƙofar mota na tsirar mutum. Kayan da ya ci jarrabawa a kashi 50 ba a yi masa tambayar watan Janairu a ƙasar Hausa ba. Wannan ba ya nufin takardarsa ta bogi ce. Yana nufin ta amsa tambayar da aka yi mata ne kawai. Injiniyan da ke sayo kaya don defon mai ko kamfanin fulawa a yankinmu, haƙƙinsa ne ya buɗe rahoton ya duba abu uku: wace hanya aka bi, a wace laima, kuma don wane rukunin gas ko ƙura.

Kai ma da ba injiniya ba, tarihin nan ya bar maka gado. Jarkar da za a zuba wa fetur, a sauke ta ƙasa, kada a cika ta a bayan mota ko a kan babur, kuma bakin famfon ya taɓa bakinta. Idan kana shan mai, kada ka koma cikin mota ka goga jiki da kujera sannan ka fito ka kama famfo. Wayar da ake maƙala wa tankar mai kafin a fara juye kaya, ba ado ba ce. Bayan wata gobara da ta tashi a Yulin 2007 a Valley Center ta jihar Kansas a Amurka, hukumar binciken haɗurran sinadarai ta ƙasar ta gano cewa mai yiwuwa wani sassauƙan haɗin ƙarfe a ma'aunin cikin tanki ne ya saki tartsatsi ana tsakar juye kaya, gobarar da ta sa aka kwashe dubban mazauna garin.

Daga cokalin eta na Berlin zuwa yau shekara 280 kenan da ɗoriya, kuma har yanzu babu na'ura guda da za ka ɗora a kan abu ta ce maka “lafiya lau”. Turjiya na faɗin ko akwai hanyar gudu. Lokacin zurarewa na faɗin saurin gudun. Cajin da ya tsallaka na faɗin girman tartsatsin. Gwajin wuta na faɗin abin da ya faru a ranar da aka gwada. Aikin masani shi ne ya san wace tambaya ce ta dace da kayan da ke gabansa da wurin da za a kai su. Don haka duk ranar da ka ga alamar Ex a jikin tocilan ko famfo a gidan mai, ka san cewa bayan haruffan nan biyu akwai wanda ya goga roba da ƙyalle a busasshen ɗaki, ya karanta ma'auni, ya sa hannu. Tambayar da ta rage gare mu ita ce ko ɗakin nasa ya kai iskarmu bushewa.